Ramen, taliyar mutanen Japan

Idan ƙarfe goma sha biyu na rana ya yi a birnin Tokyo, a Yamai da Maraɗi da Damagaram ƙarfe huɗu ne na dare. Ko ladan bai kira assalatu ba. Awa 8 ke tsakanin Nijar da Japan, domin Japan tana can gabas mai nisa, cikin teku, gaba da ƙasar Sin. Ƙasa ce ta tsibirai. Manyansu guda huɗu ne: Hokkaido, Honshu, Shikoku da Kyushu. Faɗin Nijar ya ninka na Japan sau uku har da ɗori, amma mutanen Japan sun haura miliyan 120.

Da tsakar rana ma'aikata suke fitowa cin abinci. Galibi hutun awa ɗaya ake ba su. Gidajensu suna da nisa, wani sai ya yi awa guda cikin jirgin ƙasa kafin ya kai, saboda haka ba mai komawa gida don ya ci. Wasu suna zuwa da abincinsu cikin ɗan akwati. Wasu kuwa sai su nufi ƙananan shagunan da ke kewaye da tashar jirgi, su bi layi, suna jiran kwano guda na ramen.

Ramen taliya ce ta alkama wadda ake ci cikin romo mai zafi. A bisa ana jera nama da ƙwai da ganye. Abinci ne na mai sauri, na ɗalibi da lebura da direba da ma'aikaci. Amma wanda ya dafa shi bai yi sauri ba ko kaɗan.

Cikin shago

Shagon ramen sau da yawa ɗan ƙarami ne. Wani bai fi kujera goma ba. A bakin ƙofa ana rataye ɗan gajeren labule mai rubutu, sunansa « noren ». Idan labulen yana rataye, shago a buɗe yake. Idan an cire shi, an tashi.

A shaguna da yawa ba a fara zama ba sai an biya. Kusa da ƙofa akwai wata na'ura mai maɓallai. Kowane maɓalli da sunan irin abincin da kuɗinsa, wani lokaci har da hoto. Mutum ya zura kuɗi, ya danna abin da yake so, sai ɗan tikiti ya faɗo, canji ya biyo baya. Wannan na'ura tana da amfani biyu. Mai dafuwa ba ya taɓa kuɗi da hannun da yake taɓa abinci, kuma ba ya ɓata lokaci wajen lissafi.

Da shigar baƙo, sai ma'aikatan shago su ɗaga murya gaba ɗaya su ce: « Irasshaimase! » Ma'anarsa kamar « maraba » ce. Ba dole ba ne a amsa. Baƙo ya zauna a wani dogon katako da ya raba shi da wurin dafuwa, ya miƙa tikitinsa. Ruwan sha mai sanyi kyauta ne. Daga inda yake zaune yana ganin kome: manyan tukwane suna tafasa, tururi yana tashi, mai dafuwa ya ɗaura tawul a kai don gumi.

Mai dafuwa yana jefa taliyar kowane mutum cikin nata ɗan kwandon ƙarfe mai zurfi, ya tsoma shi cikin tafasasshen ruwa. Minti ɗaya zuwa uku sun isa, gwargwadon kaurin taliyar. Yana ɗaga kwandon sai ya yarfa shi da ƙarfi, sau biyu ko uku, don ruwan ya tsane. In bai tsane ba, zai salamce romon. Kafin wannan lokaci ya riga ya shirya kwano. Bai fi ƴan daƙiƙoƙi ba, abinci yana gaban mai shi.

Abin da ke cikin kwano

A gindin kwano ake fara zuba wani ɗan ruwa mai kauri da gishiri sosai. Ana ce masa « tare ». Ludayi ƙarami guda ya isa. Shi ne ke ba abincin ɗanɗanonsa, kuma kowane mai shago yana ɓoye sirrin nasa. Sai a ƙara ɗan mai, sannan a kwarara romo a kai.

Romon shi ne babban aiki. Ana dafa ƙasusuwan kaji ko na alade, da albasa da tafarnuwa da citta. Wasu suna ƙara busasshen kifi da wani ganyen teku mai suna « kombu ». Ana ɗora tukunya tun da sassafe, ko tun daren jiya. Wani romon awa 6 yake yi bisa wuta, wani 12, wani ma ya fi haka. Idan aka bar wuta ƙasa-ƙasa, romo yana fitowa garau. Idan aka bar ta tana ci da ƙarfi, ɓargo da kitse suna narkewa, romo ya koma fari kamar madara.

Ita kuwa taliyar, abu huɗu ake haɗawa a yi ta: garin alkama, ruwa, gishiri, da wani abu da Japanawa ke kira « kansui ». Wannan na huɗun ba baƙo ba ne ga Bahaushe. Ɗan'uwan kanwa ne. Sinadarin da ke cikin kanwar da ake haƙowa a ƙasar Manga da bakin tafkin Cadi, irinsa ne ke cikin kansui, sai dai nasu an tace shi a masana'anta, babu ƙasa babu yashi.

Duk wanda ya taɓa kallon ana dama kunun kanwa ya ga yadda launin gero yake juyawa da zarar an zuba ruwan kanwa: ya tashi daga fari-fari ya koma ruwan ɗorawa. Haka nan yake faruwa ga ƙullun alkama. Mutane da yawa suna zaton ƙwai ne ya sa taliyar ramen ta yi wannan launi, alhali galibi aikin kansui ne. Ba launi kaɗai yake ba ta ba. Yana sa ƙullun ya yi danƙo, taliya ta yi tauri-tauri a baki, kada ta yi saurin narkewa cikin romo mai zafi. Yana kuma ba ta wani ɗan ƙamshi nata na kanta. Japanawa suna da wata taliyar alkama, fara mai kauri, wadda ba a sa mata kansui. Sunanta daban ne, « udon ». Wato kanwar ce ta raba su. Mai yin ɗanwake ta san wannan magana: in kanwa ta yi kaɗan abu bai yi ba, in ta yi yawa ya yi ɗaci. Mai yin taliyar ramen shi ma da awo yake sa tasa.

Daga bisani sai kayan ado. Akwai yankan nama siriri guda biyu ko uku. Akwai dafaffen ƙwai da aka raba biyu, gwaiduwarsa ba ta gama daskarewa ba, an kwana ana jiƙa shi cikin ruwan waken soya. Akwai lawashin albasa, da tohon gora da aka tsima, da wani baƙin ganyen teku mai kama da takarda, « nori ». Wani lokaci ana ɗora wani farin yanka na niƙaƙƙen kifi, da jan zane a tsakiyarsa mai murɗewa kamar dodon koɗi. Sunansa « naruto », sunan wani mashigin teku na Japan inda ruwa yake juyawa kamar guguwa.

Yadda ake ci

Kafin Bajapane ya fara ci, yana haɗa tafin hannuwansa ya ce: « Itadakimasu. » Godiya ce ga abincin da wanda ya yi shi. A hannun dama yana riƙe tsinkaye biyu na itace, a hagu cokali mai zurfi. Da cokalin ake kurɓar romo, da tsinkayen ake ɗaukar taliya. Yaran Japan tun suna ƙanana suke koyon riƙon tsinkaye. Baƙon da bai iya ba yana iya roƙon cokali mai yatsu, ba abin kunya ba ne. Abu ɗaya ne ba a so: a soke tsinkayen tsaye cikin shinkafa, domin haka ake yi wa mamaci.

Wani abu yana ba baƙi mamaki. A shagon ramen kowa yana zuƙar taliyarsa da ƙara, zuuu, babba da yaro, mace da namiji. Yaron da ya yi haka a gaban manya a ƙasar Hausa zai sha harara. A can kuwa ba rashin ladabi ba ne. Taliyar da zafinta take, kuma iskar da ke shiga tare da ita tana huce ta, tana kai ƙamshin romo har hanci. Kowace ƙasa da nata ladabin cin abinci.

Ba a hira mai tsawo. Taliya in ta daɗe cikin romo tana shan ruwa, ta kumbura, ta yi laushi. Minti goma ko goma sha biyar, an gama. Ga kuma mutane tsaye a waje suna jiran kujera. Mutum ya ɗora kwanonsa bisa katako, ya goge gabansa, ya ce: « Gochisosama », wato ya gode da abinci, ya fita. Ba a ba ma'aikaci tukuici. In wani ya bar kuɗi bisa tebur, sai a bi shi da su a guje, ana zaton mantuwa ya yi.

Asalinta

Ko da yake yau ramen ta zama kamar tutar Japan, asalinta daga ƙasar Sin ne. Japan ta yi sama da shekara 200 tana taƙaita hulɗa da baƙi. A shekarar 1859 aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Yokohama ga fataken waje. Sinawa suka zo, suka kafa unguwarsu, suka buɗe wuraren sayar da abinci. A nan Japanawa suka saba da taliya mai kanwa cikin romon nama. A 1910 wani mutum mai suna Ozaki Kan'ichi ya buɗe shago a unguwar Asakusa ta Tokyo, ya ɗauko masu dafuwa Sinawa daga Yokohama. Sunan shagon Rairaiken. Ana lissafa shi cikin shagunan ramen na farko. A wancan zamani « taliyar Sin » ake ce mata. Akwai kuma masu tura amalanke da dare suna talla, suna busa wata ƴar algaita don a san sun iso.

Yunwa ce ta yaɗa ta. A 1945 aka ci Japan da yaƙi a Yaƙin Duniya na Biyu. Birane sun ƙone. A wannan shekara kuma shinkafa ba ta yi ba, an daɗe ba a ga mummunar kaka irin ta ba. Sojoji da sauran Japanawa da ke zaune a ƙasashen waje suka yi ta komowa gida, miliyoyinsu, ga ba abinci. Amurka, wadda ke riƙe da ƙasar a lokacin, ta shigo da garin alkama mai yawa. Da shi aka riƙa yi wa ƴan makaranta burodi. Wani kashi kuma ya bi ta bayan fage ya shiga kasuwa, ya zama taliya. Hukuma ta hana sayar da dafaffen abinci a titi, an kama mutane da dama, amma mai jin yunwa bai fasa saye ba. Wajen 1950 aka sassauta dokar. Daga nan rumfunan ramen suka cika birane, suna ciyar da leburorin da suka sake gina ƙasar.

Kowane gari da romonsa

A Tokyo romon kaza ne garau da ruwan waken soya, launinsa kamar shayi. A Hakodate gishiri kaɗai ake sa wa. A Sapporo, can arewa, inda ƙanƙara mai laushi take zuba har ta rufe motoci, cikin shekarun 1950 aka fara sa « miso ». Miso waken soya ne da aka dafa, aka sa masa gishiri, aka bar shi ya tsima wata da watanni. Aikin da daudawa take yi a miya shi yake yi a romo. Mutanen Sapporo suna son kitse ya rufe saman kwano don kada abinci ya huce, wasu har su ƙara masara da man shanu.

A kudu, cikin tsibirin Kyushu, farin romon ƙashin alade ake ji da shi. Sunansa « tonkotsu », kuma daga garin Kurume ya faro. A Fukuoka taliyar siririya ce ƙwarai, tana saurin laushi, don haka ba a zuba da yawa. Wanda bai ƙoshi ba sai ya rage romonsa, ya ce: « Kaedama! » A kawo masa sabuwar taliya a juye masa cikin kwanon.

A 1994 aka buɗe gidan tarihin ramen a Yokohama. A ciki an gina titunan Tokyo kamar yadda suke a 1958, da shaguna na garuruwa daban-daban, mutum ya zaga ya ɗanɗana.

Baƙo musulmi

Ga musulmin da ya je Japan karatu ko aiki, akwai abin lura. Yawancin ramen tana da alade. Yankan naman da ke bisa galibi na alade ne. Cire shi bai wadatar ba, domin ƙashin yana cikin romo, kitsen yana cikin mai. Ko romon da aka ce na kaza ne, sau da yawa an gauraya shi. Wani lokaci kuma akwai giyar shinkafa cikin « tare ». Ido ba ya ganin waɗannan abubuwa, sai an tambaya. Da yake baƙi daga Indunusiya da Maleshiya sun yawaita, an buɗe shagunan ramen na halal a manyan birane kamar Tokyo da Osaka da Kyoto. Suna aiki da kaza ko naman sa ko kifi, kuma suna manna shaida a ƙofa. Akwai ma waɗanda ba su sa nama ko kaɗan, sai ganye da wake.

Taliyar minti uku

Akwai wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando. An haife shi a Taiwan a 1910. Bayan yaƙi, ya ga mutane a Osaka sun yi dogon layi cikin sanyi suna jiran kwanon taliya, abin bai fita ransa ba. A 1957 dukiyarsa ta karye. Sai ya gina ɗan ɗaki na katako a bayan gidansa, a garin Ikeda, ya shiga neman hanyar da za a adana dafaffiyar taliya ta daɗe ba ta lalace ba. Ya yi kusan shekara guda yana gwaji. Wata rana ya ga matarsa tana suya, ya lura da yadda mai mai zafi yake korar ruwa daga jikin ƙullu. Ya soya taliyarsa. Ruwan ya fice, ya bar ƙananan ramuka a jikinta. Busasshen abu ba ya saurin ruɓewa. In kuma aka zuba ruwan zafi, sai ya bi ramukan nan ya shiga, taliya ta komo da laushinta.

Ranar 25 ga Agusta 1958 kamfaninsa, wanda aka sani da Nissin, ya fara sayar da ita da sunan Chikin Ramen. Kuɗinta yen 35, wajen ninki shida na ɗanyar taliyar kasuwa, har masu kantuna suka yi shakkar ta. Amma mutane suka yi rububinta. A 1971 ya fito da Cup Noodle, wadda ake zuba wa ruwa cikin kofinta. A 2005 wani ɗan sama jannati Bajapane, Soichi Noguchi, ya tafi sararin samaniya da irin wadda aka yi masa musamman. Ando ya rasu a 2007 yana da shekara 96.

Dabararsa ta zaga duniya. Indomie da mai shayi yake dafawa da ƙwai a bakin tasha jikar wannan taliya ce. Daga Indunusiya ta fito, kuma tun cikin shekarun 1990 ake yin ta a garin Ota na Najeriya. A shekara guda mutanen duniya suna cin ƙunshi sama da miliyar 100 na irin wannan taliya. Sin ce kan gaba, Indunusiya na bi mata.

Sai dai ta leda ba ta kai ta shago ba. Tana cika ciki, amma gari ne da mai da gishiri, ba ta da abin gina jiki sosai. Yaron da ke girma yana bukatar a ƙara masa ƙwai ko kifi, da zogale ko albasa da tumatir. Gishiri kuwa matsala ce ga dukansu biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini. Kwano guda na ramen, in aka shanye romon duka, yana iya wuce haka. Shi ya sa likitocin Japan suke cewa a ci taliya a bar sauran romo.

Katangar yen dubu

Japanawa sun saba ramen abinci ne mai araha. A ganin da yawansu, bai kamata kwano ya wuce yen 1000 ba. A 2024 wannan ya yi kusan jika huɗu na kuɗin sefa. Suna kiran wannan iyaka « katangar yen dubu ». To amma Japan ba ta noma alkamar da za ta ishe ta. Mafi yawanta daga Amurka da Kanada da Ostireliya ake sayo ta. Da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, alkama da mai da gas suka yi tsada a duniya. Tukunyar da ke kwana bisa wuta kuwa ba ƙaramin gas take ci ba. Mai shago ya shiga tsaka mai wuya: in ya ƙara kuɗi masu saye su gudu, in bai ƙara ba ya faɗi. A 2024 masu shagunan ramen da suka karye sun fi na kowace shekara kafin ta.

Waɗanda suka rage kowa da dabararsa. Wani ya tsallake katangar, ya ƙara kuɗi, ya dogara ga daɗin romonsa. Wani ya rage yankan nama. Wani kuma shi da matarsa kaɗai suke aiki, tukunya guda suke dafawa a yini. Irin wannan shago ba shi da ƙayyadadden lokacin tashi. Romo yana ƙarewa, ko da ƙarfe biyu ne na rana, ko da mutum ashirin ne a layi, sai mai shago ya fito ya rusuna ya ba su haƙuri, ya cire labulen ƙofa. Daga nan ya koma ciki ya wanke tukunya, ya fara fasa ƙasusuwan gobe.